Aron Laftof a Laburaren Jami'a: Abin da Ya Ci Mu Ba Shi Muka Ji Tsoro Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a laburaren wata jami'a a nan Accra. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibanmu ta yi alkawarin saya mana laftof 60 domin mu riƙa ba ɗalibai aro. Shugabanmu yana tsoron kada yara su gudu da su, ya ce sai kowa ya ajiye kuɗi kuma ya kawo malamin da zai tsaya masa. An ce kun taɓa yin irin wannan a Kumasi. Ta ina za mu fara?

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya saka wa tsofaffin ɗaliban nan da alheri. Kafin komai, ki gaya wa shugabanku cewa tsoron da yake ji ni ma na ji shi, kuma shi ne ya sa muka yi asarar kusan zangon karatu guda muna gadin kwamfutoci a cikin kabad.

Mu mun fara ne a 2021. Kin tuna an rufe makarantu a tsakiyar Maris 2020 saboda korona, karatu ya koma intanet, sannan da aka buɗe jami'o'i a Janairu 2021 sai ga rukunin farko na yaran da suka ci moriyar sakandare kyauta, wadda aka soma a Satumba 2017, sun shigo mana. Da yawansu su ne na farko a gidansu da suka taka jami'a. A wannan lokacin ne Farfesa Rita Akosua Dickson, shugabar jami'ar KNUST da ke nan Kumasi, ta kawo shirin SONSOL na tallafa wa ɗalibi mabuƙaci da laftof, Farfesa Nana Aba Appiah Amfo ma ta yi makamancinsa a Jami'ar Ghana da ke Legon. Amma ki lura, waɗannan kyauta ce, ɗalibi ya karɓa ya tafi da abinsa. Aro wani abu ne daban. Mai kyauta da ya miƙa ya huta. Mai ba da aro kuwa ranar miƙawa ce ranar da aikinsa ya fara.

Mu laftof 40 muka samu. Muka zauna muka tsara doka irin wadda shugabanku yake so: ka ajiye sidi 200, ka kawo sa hannun malami, kuma ba a fita da ita daga laburare, awa huɗu ka dawo da ita. A takarda dokar ta yi kyau, kwamiti ya yaba. Sai muka buɗe muka zauna jira. Waɗanda suka zo 'yan kaɗan ne, kuma da na lura da su sai na ga yawancinsu masu laftof ne da tasu ta lalace tana wurin gyara. Wato wanda yake da sidi 200 da ba ya buƙatarsu yau, kuma yake da fuskar da zai tunkari malami, ba shi ne yaron da aka kawo kayan dominsa ba.

Abin da ya buɗe mini ido wani yaro ne ɗan shekarar farko. Kullum yana zama a kusurwa kusa da soket, ya duƙa a kan wata waya mai fasasshen gilashi, yana buga aikin da aka ba su da manyan yatsunsa biyu. Shafi goma ake so. Rannan na ji ya amsa waya da Hausa, sai na matsa na ce masa, "Samari, ga laftof can a kabad, me ya hana ka ara?" Ya ɗago ya ce, "Baba, mu fiye da ɗari uku ne a aji. Wane malami ne ya san ni da zai sa mini hannu?" Ban ma kai ga tambayarsa zancen kuɗin ba. Na koma ofis na ɗauko takardar dokar na sake karantawa, na ga da hannunmu muka ba da kyauta muka ɗaure ta da igiya.

Dokar awa huɗu ma haka ta yi mana, musamman ga 'yan mata masu zuwa daga gida. Akwai wata da ke zaune a Aboabo, da asuba tana taya mahaifiyarta sayar da koko, da an tashi lacca kuma sai ta kama motar haya, wato tirotiro, don ta isa gida kafin magariba. Lokacin karatunta na gaskiya bayan isha ne, sa'ad da gida ya yi tsit. Laftof ɗin da ba ta fita daga laburare ba ta da amfani a wurinta ko kaɗan. Ke ma kina da irinsu, masu zuwa daga Nima da Maamobi da Madina, waɗanda cunkoson Accra yake cinye musu awa biyu ko uku a rana.

To me za ki riƙe idan babu kuɗin ajiya? Kin riga kin riƙe abin da ya fi sidi 200 nauyi. Babu ɗalibin da zai karɓi takardar shaidar kammalawa sai laburare ya sa hannu a takardar sallamarsa. Ki je wurin magatakardan jami'a ku yi yarjejeniya a rubuce: wanda bai dawo da laftof ba, ba zai yi rajistar zango mai zuwa ba, ba kuma zai samu sallama ba. Yaron da uwarsa ta sayar da koko ta biya masa kuɗin makaranta ba zai musanya digirinsa da tsohuwar kwamfuta ba. Da muka cire kuɗin ajiya da mai tsayawa muka sa wannan, cikin mako biyu kabad ya koma wayam, har muka buɗe littafin masu jiran layi. Kada kuma ki riƙe wa kowa Ghana Card ɗinsa a matsayin jingina. Ki duba, ki tabbatar shi ne, ki mayar masa, don da ita yake zuwa banki yake kuma rajistar layin waya.

Ba zan ce miki ba mu yi asara ba. An fizge wa wani jaka a wajen Kejetia, an fasa ɗakin wani a hostel, wani kuma ya ajiye karatu ya yi tafiya da ita sai da muka bi ta wurin kawunsa. Amma duk waɗannan ba su kai abin da caja kaɗai ta ci mana ba.

Bari in daɗe a kan caja, don ita ce babu wanda yake tunawa da ita ranar biki. Kayanmu ba iri ɗaya ba ne, kowane mai alheri ya kawo abin da ya samu: HP, Dell, Lenovo, har da Toshiba guda biyu da suka tsufa. Kowace da irin bakin cajarta, wata mai ƙaton kai, wata siriri, wata mai kusurwa huɗu. Muna da wani kwali da muke zuba su, kuma duk safiya sai ma'aikaci ya tsuguna yana warware wayoyi kamar mai tsefe kai, ɗalibi na tsaye yana kallon agogo. Sannan ga musanya. Ɗalibi zai tafi da caja ta asali ya dawo da wata mai kama da ita. Ba kullum ne da mugun nufi ba, a ɗaki ɗaya mutum huɗu ne, cajojin duk baƙaƙe, ko kuwa tasa ta ɓata ya ji tsoro ya je Adum ya sayo mai araha. In kin ɗaga ta za ki ji ba nauyi, kamar babu komai a ciki, kuma irinta ce take zafi ta kashe batir. Sai da muka koma ba kowace caja lambarta, muka shigar da ita cikin manhajar laburare a matsayin kaya mai zaman kansa kamar littafi, muka kuma ɗiga mata jan farce a wani lungu da mu kaɗai muka sani. Idan kuna aiki da manhajar laburare ta Koha, wannan abu ne mai sauƙi: laftof, caja da jaka, kowanne da lambarsa, a fitar da su tare a karɓe su tare.

Saboda haka roƙona na farko ga tsofaffin ɗalibanku shi ne su sayi iri ɗaya tak, samfuri ɗaya, zai fi kyau mai caji da USB-C. Iri ɗaya yana nufin caja ɗaya ta shiga kowace, kuma in guda ta mutu gaba ɗaya ta zama ma'ajiyar kayan gyaran sauran: a cire madannanta a sa wa wannan, a cire sikirin ɗinta a sa wa waccan. Ki kuma duba kan filogi. Kayan da aka shigo da su daga Amurka suna zuwa da ƙafa biyu masu faɗi, soket ɗinmu kuwa irin na Ingila ne mai ƙafa uku. Ita cajar kanta tana ɗaukar wutarmu ta 230, ba matsala, amma adafta mai lilo da ɗalibi zai cusa ita ce take tartsatsi. A canja wayar filogin tun farko, kuɗinta kaɗan ne.

Idan za a sayi na hannu ne, waɗanda 'yan kasuwa suke kira hom-yus, ba laifi ba ne. Tsofaffin laftof na ofis irin su ThinkPad, Latitude da EliteBook sun fi sababbi masu araha ƙwari, jikinsu yana jure jakar ɗalibi da matsin tirotiro. Amma ba a sayen biri a sama. Abu biyu za ki sa a duba a gabanki. Na ɗaya batir. Batirin laftof yana fara gajiya bayan an cika shi an sauke sau 300 zuwa 500, kuma na hannu ya riga ya ci rabonsa. A buɗe Command Prompt na Windows a buga powercfg /batteryreport, zai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage masa. Ga ɗalibin da ke unguwar da ake ɗauke wuta, laftof mai mutuwa da an zare caja ba ta da maraba da talabijin. Duk wanda ya ga dumso, wato yawan ɗauke wuta na 2014 da 2015, ya san abin da nake nufi. Na biyu shekarun na'urar. Microsoft ya sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, Windows 11 kuma yana buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0, in kuma injin Intel ne ya zama na ƙarni na 8 zuwa sama. Ɗan kasuwa a Circle, inda ake sayar da kwamfutoci a nan Accra ɗinku, zai so ya sauke miki na ƙarni na 6 da na 7 da farashi mai daɗi. Ki ce masa a'a.

Wani zai kawo shawarar Chromebook don ta fi araha kuma ta fi sauƙin sarrafawa daga ofis. Gaskiya ne, amma ki fara tambayar sassan karatu. Mai nazarin alƙaluma da SPSS ko mai zane da AutoCAD ba za ta yi masa ba, kuma rabin amfaninta yana tafiya in babu intanet. Zancen intanet ɗin ma, Wi-Fi na jami'a ba ya bin ɗalibi gida. Mukan ce musu su sauke maƙalun da suke so daga rumbunan da CARLIGH, ƙungiyar laburarorin jami'o'i da cibiyoyin bincike ta Ghana, ta samar wa laburarorinmu kafin su bar harabar makaranta, kuma mun tabbatar akwai manhajar rubutu da ke aiki ba tare da data ba.

Sai abin da ya fi ba ni kunya a duk tafiyar. Wata rana wani ɗalibi ya karɓi laftof, bai kai minti goma ba ya dawo ya ajiye ta a gabana, ya rage murya ya ce, "Malam, WhatsApp ɗin wata a buɗe yake a ciki." Na duba, haka ne. Yarinyar da ta dawo da ita da safe ba ta fita daga asusunta ba, mu kuma muka karɓa muka miƙa wa na gaba ba mu goge ba. Hirarrakinta da hotunan gidansu duk suna nan. Allah ya sa ta faɗa hannun ɗan mutunci. Da wani ne, da mun tona asirin 'yar mutane, kuma da laifin yana wuyanmu, don dokar kare bayanan jama'a ta 2012, wato Act 843, ba ta san uzurin cewa layi ya yi tsawo ba. Daga ranar muka kafa ƙa'ida: laftof ɗin da aka dawo da ita ba ta fita a wannan rana. Sai an goge ta tas an mayar da ita yadda take.

Da muka zo gyara wannan kuma sai muka yi gudun gara muka faɗa wa zago. Muka sa manhajar da take mayar da kwamfuta sabuwa duk sa'ad da aka kashe aka kunna, irin Deep Freeze. A ɗakin kwamfuta na cikin laburare tana da kyau ƙwarai. Amma a laftof mai kwana a gida? Wani ɗan ajin ƙarshe ya yi dare yana rubuta babi na biyu na kundinsa, batir ya ƙare, ya kunna da safe ya tarar babu ko harafi. Ya zo ya tsaya a gaban tebur ya kasa magana. Na fi son da ya zage ni. Don haka a na zuwa gida, ki bar ɗalibi ya ajiye aikinsa, gogewa ta zama a hannunku bayan ya dawo da ita, kuma a tambaye shi baki da baki, "Ka kwashe aikinka?" kafin a taɓa komai.

Wannan ne ya kawo ni kan abin da babu shi a lissafin kowa, wato lokacin ma'aikaci. Karɓar littafi minti ɗaya ne. Karɓar laftof kuwa sai an kunna a gaban mai ita, a duba sikirin, a danna madannai, a duba maƙalar murfi, a ɗaga caja, sannan a kai ta a goge, a yi mata caji, lokacin hunturu ma a hure mata ƙura don kada fanka ta toshe. In kika ɗora wannan a kan wanda yake zaune a teburin ba da littattafai, ko dai layi ya tsaya ko ya daina dubawa. Mu dai, 'yan bautar ƙasa ne suka riƙe mana, kuma sun yi ƙoƙari. Matsalarsu shekara ɗaya suke yi. Wanda ya iya komai ya tafi, aka kawo sabo, muka koma farko. Ki sa a rubuta matakan a takarda ɗaya a manna a bango, kuma a samu ma'aikaci na dindindin guda da za a ce wannan aikin nasa ne, da sunansa.

Tsawon aro kuma mun yi ta gwaji. Inda muka tsaya: 'yan kaɗan na awoyi a cikin laburare don wanda tasa ta ba shi matsala yau, mafi yawa na mako biyu da damar sabuntawa in babu mai jira, wasu kuma na zango guda ga 'yan ajin ƙarshe masu kundi. Tarar jinkiri mun rage ta sosai, don mun ga in tara ta taru ta fi ƙarfin ɗalibi sai ya ɓuya da laftof ɗin gaba ɗaya. Saƙon tunatarwa ta waya kwana biyu kafin wa'adi ya fi tara aiki. Lokacin jarrabawa dai komai kika yi ba za su isa ba, ki shirya wa ƙorafi.

Akwai wani ɗan abu da ban zata ba. Masu ba da kayan sun sa an manna wata ƙatuwar takarda a bayan kowace laftof mai cewa tallafi ne ga ɗalibai mabuƙata. Sai na ga yara suna rufe wurin da littafi, wasu ma ba sa fito da ita a aji. Ba wanda yake so a yi shelar talaucinsa a gaban abokai. Muka ɓare takardun, muka bar lamba ƙarama da tambarin laburare. Haka nan wajen tantance wa ya fi buƙata, kada ki sa yaro ya tsaya a teburinki yana ba da labarin gidansu mutane na ji. Ofishin kula da harkokin ɗalibai ko na tallafin karatu sun riga sun san su, ki karɓi sunaye daga can a asirce ki ba su fifiko a layi. Wasu kuma ba su taɓa riƙe laftof ba sai ranar, kuma ba za su faɗa ba. Rabin awa na nuna yadda ake ajiye fayil da yadda ake ɗaukar ta ba a riƙe ta ta murfi ba ya rage mana fasassun sikirin.

Game da asara ko lalacewa, ki rubuta hukuncin tun kafin ta faru, a sa hannu a kai. Kayan da aka ba jami'a kyauta suna shiga rajistar kadarori, masu binciken kuɗi kuma za su zo su ƙirga. In sata ce, ɗalibi ya kawo takardar rahoton 'yan sanda. In sakaci ne, ya biya kuɗin gyara kaɗan-kaɗan ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ko ya yi wa laburare aiki na wasu awoyi. Ni dai ban taɓa yarda a ɗora wa ɗalibi kuɗin sabuwar laftof a kan wadda ta shekara biyar tana aiki ba.

Yanzu ga maganar da za ki kai wa tsofaffin ɗaliban, kuma ba za su so jin ta ba. Kada su sayi 60. Su sayi 45 ko 48, ragowar kuɗin a sayi cajoji da batura da jakunkuna masu katifa na ajiya, a kuma ware na gyaran shekara uku. Mai ba da kyauta yana son yawan da za a jera a tebur a ɗauki hoto, ba ya son a ce kuɗinsa ya tafi kan batir. Amma mu mun ga 2022. Dala ta fara shekarar a wajen sidi 6, kafin Nuwamba ta kusa 15 a wurin 'yan canji, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba. Kayan gyaran kwamfuta duk da dala ake shigo da su. Kuɗin da muka ce zai canja batir goma bai canja biyar ba, laftof masu lafiya suka koma kabad suna jiran abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗinsu ba. Idan kuma jami'arku ta gwamnati ce, kin san dokar sayen kaya ta 2003, Act 663, ba ta barin ki ɗauki kuɗi ki tafi kasuwa don caja ɗaya ta ƙone, sai takarda ta zagaya ofisoshi. Shi ya sa kayan ajiyar su shigo tare da kyautar tun ranar farko, a cikin kwali ɗaya.

In sun nace sai 60, ki karɓa ki yi godiya, amma ki fitar da 50 kawai, goma su zauna a matsayin madadin waɗanda za su tafi gyara. Kuma kada ki yi babban biki a zangon farko. Ki fara da sashe ɗaya ko biyu, ki riƙa rubuta wa ya ara, wa ya jira bai samu ba, me ya lalace, nawa aka kashe. Littafin masu jiran nan shi za ki ɗauka ki koma wa ƙungiyar da shi baɗi. In kuma hanya ta kawo ki Kumasi, ki biyo ta wurinmu, kwalin cajojin nan yana nan ban zubar ba, in nuna miki yadda ake gane ta bogi da hannu.